Ƙwallon Da Na Ci a Bikin Sagir

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da Alhamis ɗin bikin abokina Sagir ba. Har yanzu in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, ko da ni kaɗai ne a ɗaki.

Sai na fara gaya muku ko wane ne ni a lokacin, don ku san daga tsayin da na faɗo. Ni ma'aikacin gwamnati ne, mazaunin Unguwar Kanawa, kuma a gidan kallon ƙwallon layinmu ni ne mai wa'azi. Ɗan wasa ya faɗi yana birgima ba a taɓa shi ba, ni zan miƙe in yi bayani. Wani ya hana ɗan uwansa ƙwallo don sunansa ya fito a jarida, ko a canza shi ya fita yana shurin gorar ruwa, ni ne dai. "Waɗannan ba 'yan ƙwallo ba ne," nakan ce, "'yan talla ne. Kowa kansa ya sani. Mu a zamaninmu ko abokin hamayya ne ya faɗi, sai ka tsaya ka ɗaga shi." (Zamanin namu da nake ta ambata, gasar aji-aji ce ta sakandare, kuma rabinta a benci na yi ta.)

To, Sagir zai yi aure. Tun firamare muke tare da shi, yanzu yana da garejin gyaran wutar mota a Kurmin Mashi, kuma ni ne babban abokin ango. Amaryar, Hadiza, 'yar Abakpa ce, gidansu cike da maza masu son ƙwallo. Sai yayanta, wanda dukanmu muke kira Yaya Lawal, ya kawo shawarar a buga wasan sada zumunci ranar Alhamis bayan La'asar, abokan ango da dangin amarya, kafin ɗaurin aure ranar Asabar. Ni na fi kowa murna. Na sayi sabon takalmin ƙwallo, na karɓi jesi mai lamba tara duk da ta matse ni a tumbi.

Filin wata firamare aka samu a Abakpa, mai ramuka nan da can. Jama'a sun taru fiye da yadda na zata. An jera wa dattawa kujerun roba a gindin darbejiya, mahaifin amarya Alhaji Bala yana tsakiyarsu, mata kuma suna can barandar aji da kulolin zoɓo. Kafin a take wasa na tara 'yan ƙungiyarmu na yi musu huɗuba, da ƙarfi yadda dattawan za su ji.

"Jama'a, yau za mu nuna wa yaran yanzu yadda ake ƙwallo. Ba son kai. Ba wanda ya fi wani. Zumunci muka zo yi."

Na ga Alhaji Bala yana gyaɗa kai, na ji daɗi har cikin raina.

Aka yi rabin lokaci ba ci. Gaskiya ni ban taɓa ƙwallo ya fi sau uku ba, ɗaya ma a ciki ita ce ta same ni a ƙeya. Na fara jin ana dariya daga baranda duk lokacin da na tsaya na dafa gwiwa ina haki. Abin ya fara cina. Na ce a raina, yau ko ta halin ƙaƙa sai sunana ya fito.

Saura kamar minti biyar a tashi, Sagir ya ƙwato ƙwallo a tsakiyar fili, ya ɗago kai ya hango ni, ya turo min ita a gaba kamar an auna. Na tare ta. Na sunkuyar da kai na zura da gudu.

Abin da ya biyo baya, a lokacin ji na yi kamar mafarki. Ɗan bayansu na farko ya taho da gudu, na karkata hagu, ya wuce ni. Na biyu ma ya wuce ni, ko ƙafa bai miƙo ba. Na ce ashe dai ƙwallon tana nan a jinina, shekaru ne kawai suka rufe ta. Ina jin ana ihu a bayana, "Tsaya! Kai, tsaya!" na ce dabarar 'yan Abakpa ce, ba da ni ba. Sai ga Yaya Lawal, wanda shi ne golansu, ya baro raga ya nufo ni a guje. Na yi masa wani yanka da ban san na iya ba. Mutumin nan ko kallona bai yi ba, ya shige ta gefena kamar iska.

Raga ta rage ba kowa. Duk da haka sai da na ɗaga ƙafa na narka mata ƙwallo da duk ƙarfina.

Daga nan na cire jesi. (Ku yi min afuwa, amma sai na faɗi komai.) Na cire ta, ina juya ta a sama, na yi kusurwar fili da gudu, tumbina yana gaba ina biye, na zube a kan gwiwoyina na buɗe hannuwa, na rufe ido ina jiran 'yan ƙungiyarmu su zo su danne ni. Har na juya baya ina nuna lambata da manyan yatsu, na manta lambar tana jikin rigar da ke hannuna.

Ba wanda ya zo. Ba tafi, ba guɗa. Akuya ce kawai a bakin katanga take kallona tana tuƙa.

Na buɗe ido a fusace, har na buɗe baki zan ce wannan wane irin rashin haɗin kai ne, sai na waiwaya.

Duk 'yan wasan, namu da nasu, suna tsakiyar fili sun yi da'ira. Alƙalin wasa yana can durƙushe, usur ɗinsa na lilo a wuya. Dattawa sun bar kujerunsu. A tsakiyar da'irar, ango ne kwance yana riƙe da idon sawunsa. Ashe da ya turo min ƙwallon nan, ƙafarsa ta faɗa rami ta lanƙwashe. Duk waɗanda na ɗauka na yanke, wurinsa suke gudu. Yaya Lawal, wanda ya bar min raga, shi ne ya tallafo kansa a cinya yana masa fifita da safar hannunsa.

Daga kusurwar nan zuwa tsakiyar fili bai fi taku hamsin ba, amma ban taɓa yin doguwar tafiya irinta ba. Ina tafe gwiwoyina sun ƙuje, jesi a hannu, kowa ya ɗago yana kallona. Wata daga baranda ta ce, "Wai wannan ne babban abokin?" Na isa na tsaya ban san inda zan sa fuskata ba.

Alhaji Bala ya dube ni daga sama har ƙasa, cikin natsuwa ya ce, "Sannu da ƙoƙari, ɗana. Mayar da rigarka, akwai iyayenka mata a wurin."

Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Abin bai tsaya nan ba. Alƙalin wasa, mutum mai gaskiya fiye da kima, ya ce shi dai bai busa usur ba, don haka a doka ƙwallo ta ciwu. Na rantse, na roƙa a soke ta. Yaya Lawal ya ce, "A'a, a bar masa kayansa, ya sha wahala a kanta." Haka aka tashi ɗaya da nema.

A motata muka kai Sagir wurin mai ɗori. Yana kujerar baya ya miƙe ƙafa, ni ina tuƙi. Tsorona ɗaya kada a ce karaya ce, a ɗaga biki, kuma a riƙa tuna cewa ina can ina murna. Da muka kusa sai na ce, "Sagir, wallahi ban gani ba."

"Na sani," ya ce. "Ai ba ka waiwayo ba." Sannan ya ce, "Amma tsakaninka da Allah, da ka wuce Yaya Lawal, me ka ɗauka?"

"Na ɗauka na yanke shi."

Ya fashe da dariya har yana riƙe ƙafa yana salati, yana cewa in bari kada in ƙarasa shi.

Allah Ya taimake ni targaɗe ne. Ranar Asabar aka ɗaura aure, ango da babbar riga da ƙafa a naɗe, kuma hukuncin da ya yanke min shi ne ba zai riƙe sanda ba, ni ne sandarsa. Tun daga masallaci har wurin walima yana rataye a kafaɗata, duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ce masa, "Ka gaisa da mai cin ƙwallonmu." Da muka je gaishe da amarya, Hadiza ta leƙo daga cikin mayafi ta ce, "Abokin ango, an ce da ba don katanga ba da har yanzu kana gudu."

Abin da na koya bai da yawa, amma ya zauna min. In ka ga kowa yana gudu ya nufi wani wuri, kai kaɗai ka nufi wani, kuma hanya ta buɗe maka fiye da yadda ka saba, kada ka yi saurin cewa gwaninta ce. Ka ɗan waiwaya tukuna.

Ita ce dai ƙwallo ɗaya tak da na taɓa ci a gaban jama'a a rayuwata, kuma ko 'ya'yana ban taɓa ba su labarinta ba. Sagir ne ya ba su.