Rasuwar Gorda, Hitar Falonmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafu biyu da ba na jin yatsunsu, ni Evaristo Oyarzo, direban motar kaya a nan Punta Arenas, nake sanar da dangi da maƙwabta rasuwar Gorda, tsohuwar hitar ƙarfe mai ɗumama falonmu, wadda ruwan zafi ke zagaya cikinta. Ta cika ranar Asabar da hantsi, a tsakar gida, a hannun ƙanen matata Nibaldo, wanda ba likita ba ne, ba kuma mai gyaran famfo ba.

Marigayiyar ta riga ni shiga gidan nan. A jingine da bango na same ta ranar da na auri Herminda, nan kuma ta yi zamanta, ba yawo, ba tsegumi. Ta busar da safa, ta kumbura ƙullin burodi, ta goya mage. Maganarta ba ta wuce "ƙwas, ƙwas" da safe, sai "ƙululu" in iska ta shige ta. Babban aikinta kuwa, wanda ni kaɗai na san darajarsa, shi ne riƙe surukata Doña Eduvigis a falo. Nan gadonta yake, nan take shan shayinta na mate, ba ta taɓa sha'awar wani ɗaki ba.

Ciwon ajali ya faro da shigowar sanyin Yuni, lokacin hunturunmu a nan ƙuryar kudancin duniya. Samanta zafi, ƙasanta kamar ƙanƙara. Na kwance mata ƙusar fitar da iska, ta yi tsaki kawai. Na lallashe ta, na ɗan buge ta da sifana, shiru. Sai Doña Eduvigis ta leƙo daga cikin bargo ta ce, "Herminda, ta ɗakinku tana zafi, ko? In wannan ba ta warke ba can zan koma. Mijinki ai yana da kitsensa."

Ana cikin haka Nibaldo ya zo cin naman rago, ya shafa ƙasanta ya ce, "Haba suruki, taɓo ne ya cushe ta. Wankin ciki za mu yi mata, ta koma budurwa." Na ce a bar tsohuwa ta tsufa da mutuncinta. Herminda ta ce, "Kai tsoho, kama masa wancan gefen ka bar wa'azi."

Muka cicciɓo ta zuwa tsakar gida, ya zura mata tiyo. Abin da ya fito ba a faɗarsa kusa da abinci: baƙin ruwa kamar tsohon man inji, da gudajin tsatsa. Nibaldo sai murna yake, yana bubbuga ta da guduma, har ruwan ya fito garau. Ya kuma ci gaba da fitowa, ta ƙasa, ta haƙarƙari, ta wuraren da ba a yi su don ruwa ba. Ashe tsatsa ta daɗe da huda ta, taɓon nan ne ya liƙe ramukan yake riƙe da ranta. Tsafta ce ta kashe ta.

Ta bar uwarta, tukunyar gas ta kicin mai dafa wa hitocin gidan ruwa, tana nan tana tari. Da ƙanwarta ta ɗakin barci. Da autar banɗaki, wadda ba ta taɓa tsinana komai ba. Su ma taɓon na cikinsu, kuma nan zai zauna. Duk mai tiyo ya tsaya a bakin ƙofa.

Za a yi jana'iza ranar Laraba, in mai sayen tsoffin ƙarafa ya zo da motarsa. Ana neman majiya ƙarfi, Nibaldo ne zai ɗauki gefen da ya fi nauyi. Masu ta'aziyya su zo da rigar sanyi, kada su cire. Ba ma son fure, wanda ke da hita a ajiye ya kawo. Doña Eduvigis za ta karɓi gaisuwa a ɗakina, a kan gadona, a gefena na katifa. Ni a falo za a same ni, kan guntun gadonta, ƙafafuna a waje.