Laifina a Kan Kumatun Afra'u

Jama'a, yau da hantsi aka tuhume ni da zagon ƙasa. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata bisa buhunan albasa tsakanin Rano da Kurmi, ban taɓa riƙe tutar kowa ba, yau ga ni ɗan adawa.

A layin mai abin ya faru. Na tura babur ɗin ɗana Ishiyaku na sa a sahu, na zauna a dakalin Maharazu mai faci muna jiran tankar da kullum tana hanya. Sai ga mota mai baƙin gilashi ta wuce mu kamar duwatsu, aka buɗe mata famfon da aka rantse mana babu ko ɗigo a ciki. Wanda ya fito daga cikinta shi ne Mai Riƙe Jaka, na hannun daman Ranka-ya-daɗe Mai Almakashi, babban mutumin nan namu da ba ya fita sai da almakashi a aljihu, ko Allah zai sa ya ci karo da ƙyallen da za a yanka a tafa.

Ya hango ni ya ƙaraso, ko sallama babu.

"Baba Manu, kai ne ka zubar mana da kumatun yarinya? Wa ya aiko ka?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, wallahi ban san kumatun na hukuma ba ne."

Bari in koma baya don ku gane. Afra'u jikata ce, 'yar Ishiyaku, shekararta tara, suna zaune a Dawaki. Siririya ce kamar uwarta Ramlatu, ga tsalle-tsalle, ga baki. Bara da damina ƙirjinta ya riƙa kamawa, tana numfashi da ƙyar. Asibitin unguwa kuwa kun san halinsa, akwai fenti, akwai maigadi. Sai uwar ta nufi kemis, aka ƙulla mata wasu 'yan ƙwayoyi farare a leda. Ƙirji ya saki, ci ya buɗe. Da Ramlatu ta ga yarinya tana share tuwo tana neman ƙari, sai ta ci gaba da saye, ba wanda ya ce mata ta daina. Ashe ƙwayar nan ce 'yan mata masu neman ƙiba ke kira sha-ka-fashe.

Kafin a gama girbi fuskar Afra'u ta koma kamar faifai. Kumatu suka cika har idanu suka shige, bayan wuya ya yi tozo, ciki ya turo. Maƙwabta sai tubarkalla suke yi, suna tambayar Ramlatu me take ba ta.

Daidai nan ne Mai Almakashi ya tuna cewa ya taɓa ƙaddamar da wani shiri wai shi Ƙoshin Yara, wanda aka ce kowane yaro zai samu garin kunu da madara. Mu dai abin da ya iso mana allo ne a bakin hanya. Awaki na shan inuwarsa, saboda haka ba za a ce bai amfani kowa ba. To ga shi Manyan Baƙi za su zo daga birni ganin sakamako. Aka baza 'yan kwamiti tun daga Rano har Nariya neman yaron da za a nuna. Bayin Allah sun sha wahala, don yaran namu kana iya lissafa haƙarƙarinsu daga nesa. Suna faɗowa Dawaki suka ga Afra'u zaune a ƙofar gida. An ce Mai Riƙe Jaka har kabbara ya yi. Aka ɗauki hotonta aka manna a kowace mararraba, aka rubuta a ƙasa wai ribar dimokuraɗiyya. Aka yi wa Ramlatu alkawarin keken ɗinki ranar taro, abin da ta daɗe tana mafarki.

Ni ban yi boko mai nisa ba, amma na yi kiwon ragon layya, na san ƙiba, na san kumburi. Fuska ta cika, ƙafafu kuwa kamar sillen kara. Rigar sallar bara ta matse ta a faɗi, amma tsawonta yana nan inda yake. Ƙanenta ya kamo ta har ya wuce. Tana shan ruwa kamar raƙumi, kuma inda ta yi fitsari sai ka ga tururuwa sun taru.

Na ce mata, "Ke 'yar tsohuwa, zo mu yi tsere."

Ta ce, "Kai dai tsoho ka cika fitina, ni na gaji."

Afra'un da na sani ba ta san kalmar gajiya ba. Washegari na sa uban ya kai mu birni wajen likitar yara. Ta duba, ta auna, ta sa aka ɗebi jini, sannan ta ce a nuna mata ledar. Da ta gani sai ta yi salati. Ta ce a saman ƙodar kowane mutum akwai wata 'yar tsoka da ke sarrafa wa jiki irin wannan sinadari daidai buƙata. In aka daɗe ana ɗura shi daga waje, sai tsokar ta ga aiki ya zo mata a gama, ta kwanta barci.

Na ce, "Likita, na gane. Muna da irinsu a ofisoshi."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce in aka ci gaba, tsawo ya tsaya ke nan, suga zai zauna mata, ƙashi ya yi laushi. In kuma aka yanke rana ɗaya, yarinya na iya faɗuwa ba ta tashi ba, don mai barcin ba ta farka ba. A hankali za a riƙa ragewa, yadda ita likitar ta tsara. Ta ba da maganin ƙirjin na gaskiya, wanda ake shaƙa.

Muka fara. Kumatu suka fara sauka. Ba a jima ba labari ya kai sama, don a ƙasar nan rijiya na iya ƙafewa shekara ba a ji ba, amma kumatun hoto ba sa raguwa a ɓoye. Sai ga Mai Riƙe Jaka a Dawaki da kwali guda na sha-ka-fashe. A nan dole in yaba. Tunda nake, ban taɓa ganin an kawo wa talaka magani har gida a mota ba, kyauta, ba layi, ba a ce ya dawo gobe ba. Allah ya saka wa shugabanni.

Ya ce a mayar da ita kan yadda take sha har a gama taro, bayan nan mu rage duk abin da muke so. Ya ajiye kwalin a zaure ya tafi.

Ramlatu ta daɗe tana kallon kwalin. Ta ce, "Baba, taron ai ya kusa. In an ɗan ƙara mata na ɗan lokacin nan kawai..."

Ban yi mata faɗa ba. Na san yadda take ɗinkin hannu har idonta ya yi ja. Na ce, "Kira ta. Ki ce ta zauna a tabarma, sannan ta tashi ba tare da ta dafa komai ba."

Afra'u ta zauna. Ta yunƙura ta koma. Ta sake yunƙurawa, ƙafafu na rawa, sai da ta dafa gwiwa ta kama bango kamar tsohuwa mai jiran jikoki. Ta dube mu tana murmushi, wai ta iya. Ramlatu ta ɗauki kwalin ta ɗora wa mijinta a babur, ta ce ya mayar inda ya fito, keken kuma a ba mai rabo.

To kun ji laifin da aka tare ni da shi a layin mai.

Mai Riƙe Jaka ya ce, "Yanzu in baƙi suka zo suka ga ba ta kama da hoton, ai sai a ce ƙarya muka yi."

Na ce, "Subhanallahi! Ku?"

Maharazu ya ɗago kai daga tayar da yake liƙa. "Yallaɓai, ni da shawara. Tunda kumatu ake nema, a ɗora mai gidan naka a kujerar da za a nuna yaron mana. Ai shi ma Ƙoshin Yaran ne ya karɓe shi."

'Yan acaɓa suka fashe da dariya. Mutumin ya gyara hula, ya ce mu yi ta yi, ai ba a rasa ba, sun samu wasu yaran har sai sun zaɓa. Ya shiga mota da cikakken tanki.

Na ɗauka cika baki ne. Maharazu ya matso ya rage murya, ya ce matarsa Lami ta gaya masa tun da aka manna hoton nan aka ji zancen keke, sha-ka-fashe ta yi wuya a kemis daga Rano har Kibiya. Uwaye ke saye, ba 'yan mata ba. Ya ce a layinsu kaɗai akwai yara uku da fuskarsu ta fara zama faifai.

Nan dariya ta ƙare mini. Ranar da aka yi gangamin Shari'a ina cikin waɗanda suka tafi birni a bayan akori-kura, muka yi kabbara har murya ta dishe, don an ce daga yau an daina tauye mudu. Mudun kasuwa kam an duba shi. Mudun da manya ke auna mana aikinsu da shi ne har yau ba a samu mai kai hannu ba. Ga shi za a jera yara marasa lafiya gaban baƙi, a tafa, a ce shiri ya yi nasara, a nemi zagaye na biyu.

Saboda haka ke uwa, in kin fara, kada ki yanke da kanki, kada kuma ki ƙara. Ɗauki yaron da ledar ki nemi likita, ko da kuwa sai kin yi zaman layi irin nawa.

Afra'u dai fuskarta ta dawo tata, tana tashi ba dafa bango, jiya har ta kori ɗan akuya ta kama. Uwar ta tsayar da ita jikin ƙofa ta ce ta ƙara tsawo kamar faɗin yatsa. Ku kaɗai na gaya wa, don Allah ku rufa mini asiri. In labarin ya kai sama, akwai wanda zai aiko a karɓar masa kasonsa a cikin faɗin yatsan.