Yadda "Da Sauƙi" Ta Kusa Hana Ɗantani Ƙafa

Jama'a, jiya da safe aka kore ni daga zauren maƙwabcina Ɗantani, kuma laifina ɗaya ne: na yi gaisuwa. Na tambayi kwana, na tambayi gajiya da iyali, ina cewa "Ya jiki?" sai wata siririyar lauya mai tabarau ta taso mini, wai in ɓata mata aiki na zo yi, in koma gida in ƙarasa kokona. Ni Jatau, da furfurata!

Bari in faro muku daga tushe. Ɗantani manomin albasa ne a gonakin madatsar ruwa ta Bakolori. Da damina yana dawowa daga Maradun a kan babur, wata babbar mota ta kwashe shi. Allah ya yi da sauran kwana, amma sai da likitoci suka yanke ƙafar dama daga gwiwa. Motar tana da inshora, wato akwai kamfanin da ya ɗauki alkawarin biyan diyya in ta yi ɓarna. Shi kuwa ba gidan bene yake nema ba. Ƙafar roba yake so kafin a sako ruwan noman rani. In ruwa ya zo bai iya tsayawa a gona ba, dole ya jinginar da ita, kuma kowa ya san gonar da ta shiga jingina a nan ba ta cika gane hanyar gida ba.

Kamfani ya turo babban jami'insa asibiti, wanda ni na naɗa wa sarautar Wazirin Dawo-Gobe. Ya zo cikin mota mai sanyi, ya tsaya daga bakin ƙofa don kada warin magani ya ɓata masa turare, ya ce wa Ɗantani ya jiki. Ɗantani, yana kwance ana ƙara masa jini, ya amsa da abin da uwarsa ta koya masa: da sauƙi, alhamdu lillahi. Waziri ya zaro biro ya rubuta.

Da amsar kamfani ta fito, sai ga shi an ce majinyaci da bakinsa ya tabbatar ya samu sauƙi, saboda haka rauni ƙarami ne. Suka haɗo masa da katan ɗin lemo da kalanda. Wallahi dole a yaba wa wannan basira. Likitoci sun yi ta fama da zare da allura, Waziri ya zo da gaisuwa ɗaya ya warkar da mutum. Kuma kada ku ɗauka baƙo ne da bai san al'ada ba. Bahaushe ne tsaf, a ƙasar nan aka binne cibiyarsa.

Nan Barista Ummu Hani ta shigo, 'yar Bakura ce, cikin lauyoyin da ke tsaya wa marasa galihu. Ta tattaro shaidar likita da hotunan ƙashi, ta matsa wa kamfani har ya yarda da zaman sulhu. Fargabarta ɗaya, bakin Ɗantani. Shi ya sa ta tsare shi a zaure tana koya masa ya ce yana jin jiki, ni kuma na shigo na rushe darasin. Ina laɓe a waje na ji yana ce mata:

"Barista, in ce babu sauƙi, in yi ma Allah butulci? Guda ta tahi, guda na nan. Wanga ba sauƙi ne ba?"

Na yi dariya, amma gaskiya idona ya cika.

Bayan azahar na goya shi a babur zuwa ofishinta a Mafara, da man da na sha rana a layi kafin in samu. Waziri ya iso a makare, kamar yadda ya dace da manya. Ya zauna, ya gyara babbar riga, ya jero gaisuwa har da ta kaji, sannan cikin murya mai laushi ya ce, "Malam Ɗantani, ya jiki?"

Barista ta zuba wa Ɗantani ido. Ni na taka masa ƙafar da ta rage. Ɗantani ya dubi sama, ya ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce a zuci shi ke nan, gona ta tafi. Waziri ya yi murmushi, hannunsa ya nufi biro.

Barista ba ta ɗaga murya ba. Ta ce wa Waziri ta ji labarin mahaifinsa ya rasu bara, ta yi masa ta'aziyya, muka shafa fatiha. Sannan ta ce:

"Yallaɓai, ranar da zai cika, da ka ce mishi ya jiki, mi ya ce maka?"

Waziri ya daɗe yana kallon wandon Ɗantani da aka naɗe aka soke da fil. Can ya mayar da biro aljihu, ya ce a miƙo masa shaidar likitan. Kafin la'asar an sa hannu a kan biyan kuɗin ƙafar roba. Jibi za a kai Ɗantani Sakkwato a auna ƙafa, har ya aika a kama masa irin albasa.

A hanyar komawa, muna faɗawa wannan rami muna fita wancan, sai wani tunani ya zo mini. Duk lokacin da masu girma suka zo yawon neman ƙuri'a suka ce ya hanya, lafiya lau muke cewa. Ya aiki, da godiya. Ya ruwa, ya yi gyara. Ashe bayin Allah rubutawa suke yi! Mu kuma muna ta zarginsu da rashin jin kukanmu.

Don haka in babba ya gaishe ku, ku amsa, ba na hana ladabi. Amma ku fara duba hannunsa tukuna, ko akwai biro.