Bindigar Kakana da Robar Fura

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kawo amaryar ƙanena Sani ba, ko na so in manta ma 'yan tashar kabu-kabu ta Dungas ba za su bar ni ba. Har gobe in na tsaya da motona, wato babur ɗina, sai wani ɗan iska ya ɗaga murya ya ce, "Soja, yau akwai fura?" Ni kuwa sai in ɗaga masa hannu kamar gwamna, don in aka auna komai da komai ni na ci riba a ranar.

A gidanmu akwai wata tsohuwar bindiga da kakana ya dawo da ita daga aikin soja na zamanin Faransawa, irin mai sakatar nan da ake ja baya a tura gaba. 'Yar Faransi muke ce mata. Harsashinta ya ƙare tun ba a haife ni ba, albarushi kawai ake zuba mata don ƙara, kuma jandarmomi, jami'an tsaronmu, sun san da zamanta. Aikinta guda ne: duk ranar da aka kawo amarya gidan, da ta iso ƙofa sai Baba ya harba ta sama, gari ya san mun ƙaru. Haka aka yi a auren yayyena, haka aka yi a nawa.

To, tsufa ya zo ya kama su su biyu. Bututun bindigar ya yi tsatsa har ya tsage, Baba kuma kunnensa ya toshe. Sai ka kafa baki a kunnensa ka yi ihu kafin ya ce "Iye?" A hankali mutane suka gaji da ihu, aka koma gaishe shi da hannu ana wucewa, shi kuwa yana zaune a zaure yana bin bakunan mutane da ido. (Har da ni a masu wucewar, ba zan wanke kaina ba.) Da aka sa ranar Sani na durƙusa na yi masa ihun cewa zan kai 'Yar Faransi gyara. Ya girgiza kai ya ce, "Bar ta ta huta. Ko kun harba ba ji zan yi ba."

Maganar ta tsaya mini a ƙirji. A nan na rantse a raina sai tsohon nan ya ji bindigar ubansa, ko sau ɗaya ne.

Na naɗe ta cikin tabarma na ɗaure a bayan moto, sai Magaria wajen Kawu Tanimu, maƙerin da ke yi wa 'yan bindigar biki gyara. Ya jujjuya ta, ya leƙa bakinta, ya ce jikinta da sakatarta lafiya lau, bututu ne za a sake. Sai ya ajiye guda biyu a gabana. "Zaɓi naka ne, ɗana. Wannan siririn shi ne daidai da bakinta na asali, ba ya wahalar da kafaɗa, amma muryarsa 'yar kaɗan ce. Wannan mai faɗin kuwa za a ji shi har Sassumbrum, sai dai fa yana shuri."

Ni da ban taɓa harba ko danƙo ba, sai na gyara zama na fara yi wa maƙeri lacca. Na ce ai abin duk ɗaya ne da bututun hayaƙin moto, in ka faɗaɗa shi ƙara ta ƙaru, shi ke nan. Shuri kuma, mutumin da ke kokawa da yashin hanyar Dantchiao kullum da buhun gero biyu a baya, wane shuri za a nuna masa? Na dafa mai faɗin na ce, "Kawu, wannan. In da wanda ya fi shi ma kawo."

Ranar da na je karɓa ya ce ya gwada ta, lafiya ƙalau. "A jikin gawo na ɗaure ta, na ja da igiya daga nesa." Na ce madalla. (Ka ji fa. Mutum ya gaya mini a jikin itace ya ɗaure ta, amma ko tambaya ɗaya ba ta zo mini ba.) Matata Hadiza ta ce in fita daji in gwada tukun, na ce a'a, kada in ɓata wa jama'a mamaki. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji, na ga gara in ji shi sau ɗaya.

Ranar biki bayan la'asar na sha sabuwar shadda fara ƙal, na kafa hula, na rataya 'Yar Faransi ina zagaya ƙofar gida ina ba da umarni. Aka shimfiɗa wa Baba tabarma a bakin zaure. Mata suka fito da wata ƙatuwar roba cike da fura da nono ta tarbar baƙi suka ajiye a inuwa, ni kuwa hankalina na kan hanya. Motar amarya ta iso daga Dantchiao, 'yan rakiya suka sauko, kuma a sahun gaba wa zan gani? Surukata, uwar Hadiza, matar da tun da na auri 'yarta ban taɓa yarda mun haɗa ido ba. Aka fara guɗa. Na ɗaga bindiga sama, na rufe ido, na yi bisimilla, na ja.

Jama'a, ban san abin da ya faru ba. Na dai ji kamar jaki ya juya mini baya ya sakar mini ƙafa biyu a kafaɗa. Na yi baya taga-taga, dunduniyata ta ci karo da wani abu, sai ji na yi na zauna cikin sanyi. Da hayaƙi ya washe, ga ni tsundum cikin robar fura, ƙafafuna a sama, takalmi ɗaya babu, hula ta yi nata wuri, bindiga na rungume a ƙirji kamar jariri. Na yunƙura in tashi, roba ta ƙi sakina. Na ɗaga kai, sai idona cikin idon surukata, fura na ɗiga daga gefen mayafinta. Wallahi da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige har da robar.

Abin da ya fi ba ni tsoro kuma, duniya ta yi tsit. Ina ganin bakuna a buɗe, mata na riƙe ciki suna faɗuwa kan juna, awaki na tsallake danga, Sani ango ya durƙushe yana dukan ƙasa, amma ban ji komai ba sai wani "wiii" a cikin kaina. Bakuna kawai ke motsi. Ina cikin fura na ce a raina, ashe haka Baba ke zaune kullum a zauren nan? Tausayinsa ya kama ni har na manta da tawa kunyar.

Sai na hango shi. Tsohon da sai an kama shi yake tashi, ya miƙe da kansa, sandarsa a ƙasa, yana tahowa yana dariya hawaye na bin gemunsa. Bakinsa na motsi, na nuna masa kunnena na girgiza kai. Sai ya sunkuya, ya kafa bakinsa a kunnena kamar yadda muke yi masa, ya ƙwala ihu: "Na ji ta! Ɗan banza, na ji ta! Muryar ta fi ta da!"

Ƙarti suka ciro ni daga roba. Shadda dai ta tafi, kafaɗa ta yi kumburi har na kwana biyu ban hau moto ba, bidiyon kuma ya zagaya wayoyin Dungas da Magaria kaf. Surukata ta aiko Hadiza ta gaya mini wai ta yafe furar, amma mayafi sai na biya. Na biya da murna. Tun daga ranar nake zama da Baba bayan la'asar ina yi masa ihun labaran tasha, kuma kullum sai ya nemi a sake masa na robar fura, yana dariya tun ban kai ƙarshe ba.

Darasin da na ɗauka? In maƙeri ya ce maka a jikin gawo ya ɗaure abu kafin ya gwada, ka tuna kai ba gawo ba ne, kuma kafin ka ja komai ka waiwaya ka ga me mata suka ajiye a bayanka. Amma batun bututu kam ban yi kuskure ba. Da siririn na zaɓa, da shaddata na nan fara ƙal a cikin akwati, Baba kuma da bai ji komai ba.