Rasuwar Allon Zanena, Shaidana Ɗaya Tilo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da tambayoyin da ba su ƙare ba, nake sanar da abokan aiki na wannan maɗaba'a rasuwar allon zanena na lantarki. Ya cika jiya da rana a kan teburina, lokacin da na fita cin abinci.

Marigayin mai riƙon amana ne. Duk layin da na ja da alƙalaminsa, duk wanda na goge, yana ɗauka a bidiyo, tun daga farar takarda har sa hannuna a kusurwa. Bai taɓa ƙorafi ba. Iyakarsa "ɗit" in na kunna shi, sai ɗan "ƙiri-ƙiri" in alƙalami na tafiya.

Kowa ya san rigimar bangon littafin yaran nan. Ni na zana shi, amma Dogo, maƙwabcin teburina, ya gaya wa Manaja wai nasa ne, launi kawai na shafa. Manaja ya ce gobe a kawo hujja, wanda aka kama da ƙarya ya tattara kayansa. Hujjata tana cikin marigayin.

Lafiyarsa ƙalau na bar shi, wallahi ko zafi bai yi ba. Na dawo na tarar da shi sanyi ƙalau, shayi na ɗiga daga ramin caja. Ni dai ba na shan shayi. Ba na zargin kowa, Allah ya tsare ni. Abin da ya ɗaure mini kai kawai, Dogo ya yi mini ta'aziyya tun a bakin ƙofa, kafin in isa teburin. Har da cewa in ba shi gawar ya jefar mini, kada ganinta ya tayar mini da hankali. Kai, wannan tausayi!

Marigayin ya bar alƙalami ɗaya, yanzu maraya, da caja mai ɗaurin salatif, da safar hannu mai yatsu biyu, da ni da ban iya komai ba sai zane.

Mai gyara ya duba ya girgiza kai, ya ce sai haƙuri. Sai dai ya tuna mini da saitin da ya yi ranar da na sayo shi: duk abin da marigayin yake ɗauka a bidiyo, nan take yake tura kwafi wayata. Na duba. Komai na nan, har da na jiya da rana, inda ake ganin wani alƙalami yana goge sa hannuna a hankali, sannan allon ya yi baƙi.

Za a yi jana'iza gobe da safe a ofishin Manaja, a kuma nuna wasiyyar marigayin a babban talabijin. Ana gayyatar kowa. An keɓe wa Dogo kujerar gaba, kuma ba za a raba shayi ba.