Muryar da Na Ba Kamfani Ajiya

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na nuna wa jama'a cewa furfura daban, hankali daban. Ni tela ne a Talladje, Bagobiri, shekara talatin da ɗoriya ina taka keken ɗinki a Yamai. Lakwal, makarantar boko ke nan, aji biyu na yi, na biyun ma a bakin ƙofa na fi zama saboda tsokana. Amma in ka same ni a fadarmu bayan la'asar ana zuba shayi, sai ka rantse ni na ƙera salula. Abu guda ne Allah bai hore wa bakina ba: in ce ban sani ba.

Ra'ayina a kan masu kamfanonin salula da ordinatar, wato kwamfuta, ɗaya ne, duk kartiye, kaf unguwarmu, an haddace shi: suna jin komai, suna ajiye komai. Hujjata ta farko gwiwata ce. Wata rana na yi wa maƙwabcina kukan ciwon gwiwa, salula na aljihu, washegari ina buɗe ta sai ga tallan man shafawa. (Hadiza, autata, ta ce ai duk tsoho mai shekaruna tallan da ake nuna masa ke nan. Na ce ta yi mini shiru.) Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. Shekarun baya na je Saga kai wa wani manomin shinkafa ɗinkinsa, na sunkuya in wanke ƙafa, salula ta zame daga aljihun gaba ta faɗa ruwan gona. Ta mutu murus. Hadiza, wadda ke aikin sakatariya a wani biro, wato ofis, kullum tana gaban ordinatar, ta sayo mini sabuwa, ta yi 'yan danne-danne, sai ga lambobin mutanena sun dawo duka, har da hotuna. Na ce to daga ina suka fito? Ta fara yi mini bayani. Ban tsaya jin ƙarshensa ba, na riga na kama hanyar fada da labari.

A cikin wannan sabuwar salular ce uwar Hadiza ta bar saƙonta, Allah ya ji ƙanta. Kwana huɗu kafin rasuwarta, a asibiti, ta ce in danna mata wurin da ake ɗaukar murya. Na danna. Ta ce, "Malam, fita waje. Magana zan bar wa auta, ranar da za a kai ta ɗakinta ka kunna mata. Kuma na san ka, kunnenka kamar na zomo. Yi mini alkawari ba za ka saurara ba."

Na yi mata. Ba ta faɗi ƙarya ba kuwa. Ni ne mutumin da in ana faɗa a gidan maƙwabta nake tsayar da keke don kar ƙara ta hana ni ji. Mai kawo ɗinki in ya ɗauki waya a shagona, kafin ya ajiye na san da wa yake magana da abin da ya haɗa su. Amma wannan saƙon, shekara uku ina ɗauke da shi ban buɗe ba. Minti goma sha ɗaya ne, abin da na sani ke nan, don yana rubuce a gefensa. Sau nawa na ɗora yatsa a kai na janye, Allah kaɗai ya sani.

Sau uku Hadiza tana roƙona. "Baba, kawo in kwafe shi a ordinatar, wallahi ba zan saurara ba, adanawa kawai." Na hana. Na ce mata ai yana hannun waɗanda suka fi ta iya ajiya.

Saura sati biyu bikinta muka hau gardama a fada ni da Seyni. Seyni tsohon shofer ne, Bazabarme, taubashina, kullum muna yi, in bai zage ni ba shayinsa ba ya wucewa. Na sake kawo maganar kamfanoni, ya ajiye kofi.

"Kai Bagobiri, damisar da ta yakushe maka fuska har da ƙwaƙwalwa ta tafi? Su waɗannan masu kuɗin duniya, me za su yi da surutunka? Matarka ma da take son ka ba ta iya ajiye shi ba."

Aka kwashe da dariya. Na ce duk abin da ka goge a salula, a wurinka ne ya ɓace, su suna da shi a manyan ɗakuna masu sanyi.

"To goge wani abu mu gani."

Na nemo hoton ragon layyar bara na goge.

"Rago!" in ji Seyni. "Wanda ka cinye har ƙashi? Mai tabbaci ba ya gwaji da rago, bawana."

A nan zan wanke Seyni, don shi bai ambaci saƙon ba. Ni da kaina na buɗe wurin, na ɗaga salula kowa ya gani. Duk fadar sun san labarinsa, ai ni na sha ba su. Dariyar ta ɗauke. Seyni ya yi wuf ya riƙe mini wuyan hannu ya ce, "Kai, wasa nake. Ban da wannan. Na yarda ka ci gardama."

Da mai hankali ne, nan ya tsaya, tunda an ba shi abin da yake nema. Ni kuwa sai na ga kamar tausayina yake ji, kuma tausayin Bazabarme ya fi zaginsa ciwo. Na fizge hannuna na danna. Salular ma, baiwar Allah, ta tambaye ni da Faransanci ko na tabbata. Cikin ɗan Faransancin da na tsira da shi daga lakwal babu wanda na fi iyawa kamar "wi", wato i. Na ba ta. Na miƙa kofi na ce a ƙara mini shayi, jibi zan dawo musu da muryar. Babu wanda ya yi dariya, ni kaɗai na yi.

Dabarata mai sauƙi ce, irin ta Saga: a ɗauko wata salula, a yi danne-danne, komai ya dawo. Sai dai ba zan iya kai wa Hadiza ba. Ga ɗinkin biki ya yi mini yawa, na ce ai babu gaggawa, abu yana ajiye. Sai da na yi kwana tara ina karɓar hotunan samfurin ɗinki da bidiyon 'yan uwa a salular, sannan na tafi kasuwa wurin masu gyara. Seyni ya ce sai ya raka ni.

Mai gyaran magidanci ne, sa'an ƙanena, ga tabarau a kan hanci. Ya saurare ni bai katse ni ba. Ya ɗauko wata salula ya shigar da bayanaina, muna tsaye. Lambobi suka fara zubowa. Hotuna suka biyo. Sai ga ragon, da ƙahonsa da igiyarsa, yana kallona. Na daki kafaɗar Seyni na ce, "Ka gani ko?"

Muka jira muryar. Ba ta zo ba.

Ya jona tawa da ordinatar, ya fi awa biyu yana nema. Daga baya ya cire tabarau ya ce, "Baba, hotuna da lambobi 'yarka ta saita su suna tafiya ajiya. Ita muryar nan a cikin salular kawai take, ba ta taɓa fita ba. Da ranar ka zo, wataƙila. Yanzu abubuwan da suka shigo sun hau kan wurin."

Na ce to ya ba ni lambar kamfanin in kira su da kaina, in yi musu bayani mace ce ta rasu, za su gane. (Ina faɗa ina gyara hula, kamar wanda zai shiga wurin mai gari.) Mutanen da ke layi suka fara kallon juna. Shi bai yi dariya ba, da ma ya yi. Ya ce, "Baba, ba su da ita. Abin da ba a kai musu ba, ba su riƙe ba."

A hanyar komawa Seyni bai zage ni ko sau ɗaya ba. Da muka sauka daga taksi ya ce, "Kala suuru," wato sai haƙuri da bakinsu, sannan ya ce in gaya wa yarinyar yau. Na ce to. Ban gaya mata ba. Kwana biyar ina ɗinka mata kayan biki ina ɗinka ƙarya a zuci: in ce batir ya mutu, in ce an sace salular, in jefa ta kogi. Duk wadda na gwada sai in ga ba za ta shige ta ba, yarinyar da ta san salular nan fiye da ni.

Ranar kai amarya, bayan la'asar, aka shigo da ita ɗakina don in yi mata nasiha. Ta durƙusa a lulluɓe. Mata suka cika ɗakin har bakin ƙofa, namu da na dangin ango da suka zo ɗaukarta zuwa unguwar Dar es Salam. Ramatu, ƙanwar marigayiya, ta ɗaga hannu ta ce, "A yi shiru, Yaya za ta yi magana." Wasu har sun fara share hawaye tun ba a kunna ba. Ta juyo gare ni. "Baban Hadiza, bismillah."

Na ciro salula. Na danna nan, na danna can. Na ɗaga ta sama wajen taga, na ce rezo ne babu, sabis ya ɗauke.

Daga ƙarƙashin mayafi Hadiza ta ce, "Baba, ba ya buƙatar rezo. Miƙo."

Na miƙa. Hannunta da lalle ya fito ya karɓa. Ina kallon yatsanta yana hawa yana sauka, ya tsaya, ya sake hawa. Sannan ta ajiye salular a kan tabarma a hankali, kamar ƙwai.

A nan na faɗi komai. Gardamar, da ragon, da mai gyara. Ban rage ba, don na ga in na rage ma babu inda zan kai ragowar. Ina magana ina jin muryata tana ƙanƙancewa, ni da ake jiyo ni daga bakin titi. Seyni ya leƙo daga tsakar gida yana cewa shi ne ya tunzura ni, a ɗora masa. Babu wadda ta ko waiwaye shi.

Ramatu ce ta fara samun baki. Ta ce, "To ya wuce. Faɗa mata abin da Yaya ta ce. Ai mun san ka ji."

Na ce ban ji ba.

Wata tsohuwa a baya ta yi 'yar dariya ta ce, "Kai ɗin?" Ramatu ta ce ba lokacin wasa ba ne, ko kaɗan ne in tuno. Na rantse da Allah ban taɓa buɗe shi ba, alkawari na yi mata. Sai da na rantse sau biyu suka yarda, kuma da suka yarda ɗin ne kukan gaske ya tashi. A gurguje na yi tawa nasihar, irin wadda kowane uba ke yi, haƙuri da biyayya, minti biyu ba ta kai ba. Na san ba ita aka taru a ji ba.

Yau shekara guda ke nan. Ina zuwa fada, ina shan shayi, in aka ɗauko maganar kamfanoni sai in ce ban sani ba, har Seyni ya ce bakina ya yi sabon ɗinki. Abin da na koya kaɗan ne: wanda bai san ka ba ba ya yi maka ajiya, kuma mai cin gardama ya fara duba da kayan wa ya yi caca. Hoton ragon yana nan, na kasa goge shi, na kasa kallonsa. Hadiza tana zuwa duk Juma'a da tuwo a kwano, ba ta taɓa tayar da maganar ba.

Sau ɗaya kawai ta yi, a ranar bikin. An sa ta a mota, na matso in rufe ƙofa, ta ɗaga mayafin kaɗan ta dube ni. Ba fushi a fuskarta, da ma shi ne. Ta ce:

"Baba, duk maganar mutanen Talladje ka saurara. Tata ce kaɗai ka bari?"