Nomau a Gindin Maɗaci

A garin Rafin Tsamiya akwai wani mutum da ake kira Nomau. Gidansa ɗaki biyu ne da rumbu ɗaya, sai mahaifiyarsa Inna Tabawa, da matarsa Azumi mai sayar da man gyaɗa. Nomau ƙato ne, ga ƙarfi ga sanyin hali, ko da kaza bai taɓa faɗa ba. Aibinsa ɗaya ne, yadda magana ta fito daga bakinka haka zai ɗauke ta. Ya gwada ƙwadago, ya gwada dako, ko'ina sai an sallame shi. Da Azumi ta ga rumbu ya kusa ƙasa, sai ta je ta durƙusa gaban mahaifinta, Malam Barau mai saran itace, wanda ake kira duk lokacin da reshe ya kwanta kan kwano ko ya taɓa wayar lantarki. Ta roƙe shi ya ɗauki Nomau aiki. Malam Barau ya ce, "Ya zo. Gara in sha kunya a waje da ki kwana da yunwa."

Wata rana Malam Barau ya miƙa masa babban zarto ya ce, "Haƙoransa sun lalace, je ka gyara su." Nomau ya karɓa da hannu biyu, ya samo asuwaki da garin gawayi da buta, ya zauna a ƙofar gida. Haƙori ɗai-ɗai ya bi yana gogewa, yana kuskurewa da ruwa. Kafin Malam Barau ya fito, masu wucewa sun tsaya sun yi da'ira. Nomau ya sunkuyar da kai irin na suruki mai ladabi ya ce, "Baba, sun yi fari." Malam Barau ya karɓi zartonsa, ya ɗauki magagari, ya koma bayan zana inda ba mai ganinsa, can ya wasa abinsa.

Wata rana kuma suna rage darbejiya a unguwarsu Nomau, Malam Barau ya ajiye injin zarto ya ce, "Zuba masa mai, ka cika shi." Nomau ya ruga gida, ya ɗauko galan ɗin Azumi na man gyaɗa, ya ɗura har ya tumbatsa. Da aka ja igiyar tayar da shi, inji ya yi tari, ya fesa hayaƙi, ya yi shiru. Ƙamshin suya ya cika layin, har wata tsohuwa ta leƙo da kwano tana tambayar wa ke toya ƙosai. A wurin makanike, Malam Barau ya kasa cewa aikin mijin 'yarsa ne. Sai ya ce, "Ni na yi kuskure, tsufa ne." Makanike ya shinshina tankin, ya dube shi, bai ce uffan ba. Malam Barau ya ce wannan shirun ya fi masa zagi ciwo.

Wata rana zazzaɓi ya kwantar da Malam Barau, ga shi ya yi wa Alhaji Maikano alkawari. Dole ya tura Nomau shi kaɗai. Alhaji na tsaye yana waya, ya nuna mangwaron tsakar gidansa da baki ya ce, "Aski kawai za ka yi masa."

Nomau ya ce, "Irin naka, Alhaji?"

Alhaji ya ce, "E, e," ya ci gaba da wayarsa, ya cire hula yana sosa kai. Nomau ya dubi kan da kyau, tal kwabo, sai sheƙi yake. Ya ɗauki adda ya hau. Ko da Alhaji ya dawo daga masallaci, ko ganye ɗaya babu, mangwaron da ya cika da fure ya zama kamar turke. Da zazzaɓinsa Malam Barau ya taso ya je ban haƙuri. Har wannan shekarar ta fita, idan hanya ta biyo da shi ta layin Alhaji, zagayawa yake ta bayan makabarta.

Wata rana suna sauke wani reshe da igiya a hankali, don akwai randunan wata mai fura a ƙasa. Malam Barau na sama ya yi kira, "Sa ido a kan igiyar nan!" Nomau ya saki igiya, ya kai fuskarsa ya manna mata ido. Reshe ya tafi, randuna suka tarwatse, igiya ta zuge masa fatar ido. A gida Inna Tabawa na gasa masa da ruwan ɗumi, Azumi na gefe ta kasa ɗaga kai, don mai furar ƙawarta ce. Nomau ya ce a hankali, "Azumi, ni fa duk abin da aka ce shi nake yi. Amma da na yi sai in ga Baba ya rufe fuska. Ni ma sai in ji kamar in nutse, ban san dalili ba." Azumi ta juya ta share hawaye da bakin zane.

Wata rana sarkin kasuwa ya ba su aikin tsohon maɗacin bakin kasuwa, wanda wani ƙaton reshensa ya miƙe kan rumfuna. Malam Barau ya hau, ya ci rabin reshen da inji, sai fetur ya ƙare. Ya sauko ya ce, "Ni zan je da kaina. Kai tsaya nan, kada ka bar kowa ya matso gindin itacen nan. Kowa, ka ji? In ka ɓata wannan, ni da kai aiki ya ƙare." Nomau ya tsaya ya ware hannuwa. Ya mayar da mai tallan goro, ya kori awaki, har sarkin kasuwa da ya zo duba aiki sai daga nesa ya tsaya. Can sai ga Malam Barau da galan a hannu, ya nufi tsani. Nomau ya sha gabansa.

"Baba, ba a matsowa."

"Ni ne fa, Nomau."

"Ka ce kowa."

"Kauce mini, rana na yi!"

Malam Barau ya ture shi zai wuce. Nomau ya runtse ido don kunya, ya rungumi surukinsa ta ƙugu, ya ɗaga shi sama kamar damin gero, ya yi baya da shi. Hular dattijo ta faɗi, ƙafafunsa na lilo. Kasuwa ta ɗauki salati, wata mata ta ce, "Yau ga ƙarshen zamani, suruki ya sungumi suruki!" Malam Barau na cewa, "Sauke ni! Wallahi yau sai..."

Bai ƙarasa ba aka ji ƙara daga sama. Ashe gara ta cinye cikin reshen, ɓawo ne kawai ke riƙe da shi. Ya ɓallo gaba ɗaya, ya daki tsanin ya yi masa rugu-rugu, ƙasa ta girgiza.

Nomau ya sauke surukinsa, ya zube a gabansa. "Baba, ka yafe ni. Mutane na tare, awaki na tare. Wannan ta sama ya biyo, ya fi ƙarfina."

Malam Barau ya dubi ɓaraguzan tsanin da ya kamata a ce yana kai. Ya ɗauki hularsa, sai da ya kakkaɓe ta ya sake kakkaɓewa kafin magana ta fito. Ya ce, "Tashi, ɗana. Gobe ka zo da wuri."

Washegari har hantsi ya ɗaga ba a ga Nomau ba. Can sai ga shi yana haki, ya durƙusa, ya buɗe tafin hannu. Wuri ne guda ɗaya, irin kuɗin da, fari, mai tsaga a ciki. Ya ce, "Sai da Inna ta zazzage tsohon lefenta kafin a samu."

Malam Barau ya karɓa, ya jefa a aljihu, ya miƙa masa igiya.